Rigar Aikin Yaya a Cikin Leda

Yayata ba ta iya zama a ɗakin mutum ba ta gyara wani abu ba. Kana gaishe ta, idonta yana ƙarƙashin kujera. Kafin ka kawo mata ruwa ta riga ta jera takalman da ke bakin ƙofa, manya a gefe, ƙanana a gefe, ta kuma tambaye ka yaushe rabon labulen nan da wanki. Matata ta sha kuka a kan wannan hali a farkon aurenmu. Daga baya ta gane ba da mugunta ba ne, sai ta koma da ta ji sallamar Yaya ta tarye ta da tsintsiya a hannu biyu, su kwashe da dariya. A unguwarmu yara da manya Tsaf-tsaf suke ce mata. Ni dai Yaya nake cewa, ita kuma har yau, da furfurata da komai, Auta take kirana.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ta goya ni, ta dirje ni da soso har sai na yi ihu maƙwabta sun leƙo. Ita ta kama hannuna ta kai ni koyon ɗinki, wai mai zuciya irin tawa ba zai daɗe a ƙarƙashin kowa ba, gara ya riƙa faɗa da keke. Ta kuwa yi gaskiya. Mijinta magini ne, mutumin kirki, ciwon ƙirji ya kwantar da shi ya tafi ya bar ta da 'ya ɗaya, ita ma aure ya kai ta gari mai nisa. Na yi juyin duniya ta dawo gidana, ta ce ba ta tsufan da za ta zauna tana jiran kwanon ƙaninta ba. Da ta ji wani kamfani da ke kwangilar sharar titi yana ɗaukar mata, ta yafa mayafi ta tafi, ko shawara ba ta yi da ni ba.

Na ce mata, "Yaya, shekara da shekaru kina share gidajen mutane kyauta ana jin haushinki, yau ga shi an samu masu biya."

Ta ce, "Rufe mini baki. Kai da zare ya cika ƙasan shagonka kamar gidan gizo-gizo."

Layin da aka ba ta daga gidan mai yake zuwa gada, a kan babban titin da manyan motoci ke shigowa da kaya. Da an idar da sallar asuba suke farawa, gari bai waye ba, domin da rana ta fito motoci ba sa barin wurin sa ƙafa. Aikin a sunkuye ake yin sa, a jikin kankaren da ya raba titin biyu, ƙasa tana taruwa a nan. Mai shara tana kallon tsintsiyarta, motoci suna tahowa ta bayanta. Yaya ba ta taɓa kukan wannan ba. Abin da take kawo mini ƙara kullum shi ne masu jefo bawon ayaba ta taga a wurin da ta gama sharewa.

Kamfanin ya ba kowacce tsintsiya da abin kwasa da rigar aiki. Rigar 'yar ƙarama ce mara hannu, irin falmaran, ruwan lemo, da layi biyu masu walƙiya idan fitilar mota ta haska su. Ni tela ne, da na shafa yadin na san ba abin arziki ba ne. Wanki biyu layin ya fara ɗagowa, rana ta ɗan doke ta launin ya koɗe. To ga titi, ga taɓo, ga baƙin mai. Idan ba a wanke ba, mai duba aikinsu ya yi faɗa a kan datti. Idan an wanke ta lalace, ƙarshen wata ya yanke kuɗin sabuwa daga albashi, kuma yankan ba na wasa ba ne. Mai Babur suke ce masa, saboda wani tsohon babur da yake zagaye da shi mai fasasshen salansa, tun daga gada ake jiyo shi.

Sau ɗaya aka yanke wa Yaya. Ta zo shagona ranta a ɓace, ba don kuɗin kaɗai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an ce ita, Tsaf-tsaf, ba ta iya riƙon kaya ba, a gaban mata. Na karɓi tsohuwar na maida layin da ɗinki mai kyau, Mai Babur ya duba ya ce wannan ba ɗinkin kamfani ba ne. Daga ranar Yaya ta samo dabara. Sabuwar rigar da aka ba ta ta ninke ta, ta sa a leda, ta ɗaure a ƙugu. Da tsofaffin kayanta take shara. Mai Babur ba ya fitowa sai rana ta ɗaga, ya sha shayinsa. Da an jiyo ƙarar salansa, ta farkon layi sai ta ɗaga murya ta ce, "A kwashe shanya!" Nan da nan kowacce ta kwance leda ta zura riga. Ya wuce ya ga mata fes cikin ruwan lemo, ya gyaɗa kai. Yana shan kwana a ninke a mayar.

Ba a yi wata biyu ba duk matan layin suka ɗauka. Duk sabuwar da aka kawo, Yaya ce ke jan ta gefe ta koya mata ninkin, yadda layin ba zai karye ba. Suna yi mata godiya, har da masu kawo mata ɗan sabulu. Shi ma Mai Babur ya sani sarai, ai ba makaho ba ne, yana ganin ledoji a ƙugun mutane. Bai taɓa cewa uffan ba.

Na taɓa ce mata, "Yaya, ai don duhu aka yi rigar nan. Ku kuma sai rana ta fito kuke sa ta."

Ta ce, "Auta, direba yana da ido. Mai Babur kuwa biro gare shi."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Ta miƙo mini rigar ta ce in yi mata alama da shuɗin zare a cikin wuya, kada ta cakuɗe da ta wasu. Na yi mata.

Ranar da abin ya faru an kwana ana yayyafi. Ina alwala a tsakar gida na makara, sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Maman 'Yan Biyu ce, abokiyar aikin Yaya da ke share layin da ke kusa da nata, ba takalmi a ƙafarta. Ta ce, "Tela, fito, mota ta buge Yaya." Wata farar mota ce ta zo wuce babbar mota ta jikin kankare, ta kwashe ta. Direban ya ɗan taka birki, sannan ya ranta a na kare. Ba wanda ya ga lamba, duhu ne, ga ruwa.

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ɗaga shi a jikin taga ya nuna mini: ƙashin cinya ya farfashe kusa da ƙugu. Ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ba abin jinkiri ba ne. Idan aka daɗe, ƙashin zai haɗe da kansa a karkace, daga nan ba sauran gyara, tafiya kuma sai dai a ce an taɓa yi. Da ya faɗi kuɗin aikin na ɗauka ban ji daidai ba, na ce ya maimaita. Na sa kekunan ɗinkina biyu a kasuwa, na bi 'yan'uwa gida-gida, 'yarta ta aiko da abin da ta samu. Duk aka haɗa, bai kama ƙafar abin da ake nema ba.

Washegari Mai Babur ya zo dubiya da ledar lemo. Yaya tana kwance, allura ta sa idonta ya yi nauyi, amma tana ganinsa ta fara laluben ƙarƙashin matashi. Ashe tun a titi, da ƙafa a karye, ba ta saki ledar ba. Ta miƙa masa da hannu biyu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga rigarku. Duba ka gani, ba abin da ya same ta. Kada a yanke mini."

Ya buɗe, ya duba, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Mama." Ya sa ledar a hammata ya fita. Ina tsaye a wurin, ban ga komai a ciki ba sai halin Yaya.

Wani maƙwabcina ne ya ce in je wani ofis da lauyoyi ke taimakon marasa ƙarfi kyauta. Na samu wata lauya, yarinya ce siririya, takardu sun kusa binne teburinta. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, ko da na fara zagin direban. Ta ce direba ya tafi, sai dai Allah ya tona shi. Amma wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙi a kan wanda ya sa shi aikin, magani da diyya. Na ji wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, har na fara yi mata addu'a.

Sai ta ce, "Baba, sun ba ta rigar da ke haskawa a duhu?"

Na ce sun ba ta.

"Tana sanye da ita?"

Na kwashe labarin leda da shanya na gaya mata, har ina ɗan murmushi. Ita ba ta yi murmushi ba. Ta ajiye biro ta ce, "Yanzu rigar tana ina?"

Na ce, "Ta mayar musu. Da hannunta."

Sai ta ce wannan bai kashe maganar ba, amma a kansa za su rataye, za su ce an ba ta kariya ta ƙi amfani da ita. Mafita ɗaya ce: a nuna cewa yankan albashin ne ya sa matan ɓoye riguna, kuma kamfani ya sani. Ta tambaya ko akwai takardar albashi da ta nuna yankan. Na ce a hannu ake ba su. Ta ce to sai mutum, ko mace ɗaya ce daga cikinsu ta zo ta faɗa da bakinta.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mata nawa Yaya ta koya wa ninki?

Na je titin da safe na same su. Kowacce ta tambayi jikin Yaya, wasu har da hawaye. Da na kawo maganar shaida sai tsintsiya ta zama abin kallo, kowacce ta sunkuyar da kai. Maman 'Yan Biyu ce kaɗai ta ce, "Zan zo, Tela. Ko me za a yi, zan zo."

Ana saura kwana kaɗan a yi zaman sulhu da kamfani, ta zo asibiti da la'asar, ta tsuguna a gefen gado ta kasa haɗa ido da kowa. Mai Babur ya tara su ya ce kamfani zai rage ma'aikata, kuma masu dogon baki za a fara sallama. Bai ambaci sunan kowa ba. Ita kuwa mijinta ya daɗe ba ya aiki, tsintsiyar nan ce ke ciyar da gidan.

Ta ce, "Yaya, ni dai ki ce in zo, zan zo."

Yaya ta ce, "Na hana ki. Tashi ki tafi gida, yara suna jira."

Na yi tsalle na dire. Na ce, "Yaya, ƙafarki ce fa! Kin ji abin da likita ya ce!"

Ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni. Ƙafa ɗaya ce ta karye, Auta. So kake a karya gida guda a kanta?"

Na fita baranda na tsaya. Na rasa wanda zan zaga. A rayuwata ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Zaman sulhun a wani ɗaki mai sanyi aka yi shi, da dogon tebur, da mai sasantawa a kai. Lauyan kamfani mutum ne mai ladabi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don da ya yi rashin kunya da na samu abin kamawa. Ya jajanta, ya yi wa Yaya addu'a. Sannan ya ciro leda daga jakarsa ya warware rigar a kan tebur. Ga ta nan fes, karin ninki a miƙe, layin yana ɗaukar ido, kamar yau aka fito da ita daga kanti. Ya ce rigar ta daɗe a hannun wannan baiwar Allah, kowa ya duba ya faɗa ko ta yi kama da wadda ake sawa.

Na miƙe na ce, "Ku ne kuke yanke musu kuɗi in ta tsufa! Ga Mai Babur nan zaune, ku tambaye shi!"

Mai sasantawa ya ce, "Malam, zauna, ba a ihu a nan. Kana da shaida?"

Aka tambayi Mai Babur. Ya ce shi dai babu inda aka rubuta a yanke wa kowa kuɗin riga. Bai yi ƙarya ba, babu inda aka rubuta. Lauyarmu ta yi iya yinta. Ta tambaya me ya sa ake tura mata tsakiyar titi cikin duhu ba alamar da za ta gargaɗi direba, me ya sa mai duba aiki ba ya zuwa sai rana ta fito. Lauyan kamfani ya ce tambayoyi ne masu muhimmanci, yana roƙon lokaci ya tuntuɓi manyansa. Aka ɗaga zama. Da ranar ta zo manyan sun yi tafiya. Da suka dawo mai sasantawa ba shi da lafiya. Ni kuwa kullum ina tsakanin ofis da asibiti, takalmina ya cinye, Yaya tana kwance tana gyara zanin gado da hannu ɗaya tana yi wa masu goge ɗakin gyaran aiki.

Ƙashi bai san an ɗaga zama ba. Da likita ya sake ɗaukar hoto bai ma ɗaga shi a taga ba. Ya ce, "Ya haɗe." Na ce alhamdu lillahi, don ban gane ba. Ya girgiza kai ya ce ba irin haɗewar da ake so ba.

Bayan nan ne kamfani ya aiko da abin da suka kira taimakon jinƙai, da sharaɗin magana ta ƙare. Lauyarmu ta zo har bakin gado ta ce, "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Za mu iya zuwa kotu, wataƙila mu yi nasara, amma zai ɗauki shekaru, kuma ba mu da shaida. Ƙafar kuwa ko mun ci ba za ta dawo ba." Yaya ce ma ta koma tana ba ta haƙuri. Ta dangwala yatsa, sannan ta nemi ruwa da sabulu ta yi ta goge tawadar har ta fita. Abin da suka bayar ya biya gado da magani, ragowar aka sayi sanduna biyu.

Yanzu tana gidana, inda ta rantse ba za ta zauna ba. Ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje, daga ɗaki zuwa bayi sai an riƙe ta. Matata takan ajiye mata tsintsiya a gefen kujera. Idan ka shigo tsakar gidanmu za ka ga wuri ɗaya a zagaye ƙal, iya inda hannunta ke kaiwa. Sauran kuwa sai ta bi shi da ido. Ta daina yi wa kowa faɗan labule, ni kuma wannan shirun ya fi komai damuna.

Wata rana ta ce, "Auta, an ba wata layina?"

Na ce an bayar.

Ta ce, "Ni na koya musu. Ka nemo mota gobe da asuba ka kai ni."

Maƙwabcina mai tasi ya kai mu. Muka cicciɓe ta muka sa a baya, ƙafar a miƙe a kan kujera. Gari bai waye ba. Fitilarmu ta haska titin, ban ga kowa ba sai da muka zo daf da su, sannan na ga inuwar mutane a sunkuye suna motsi cikin baƙaƙen kaya. Abin da direban nan ya gani ke nan, ko kuma bai gani ba.

Da suka gane ta suka yar da tsintsiya suka kewaye motar, ana ta "Yaya! Tsaf-tsaf!" Maman 'Yan Biyu ta riƙe hannunta ta taga tana kuka. Yaya ta bari suka lafa, sannan ta ce, "Ku dube ni da kyau. Ledar nan ce ta mayar da ni haka. Don Allah ku sa rigunanku. In ta tsufa ta tsufa."

Suka ce to, Yaya. Nan take kowacce ta kwance leda ta zura. Sabuwar da aka ba layinta matashiya ce mai juna biyu, da ta ɗaga tata za ta sa, na hango shuɗin zarena a cikin wuyan. Mai tasi ya kunna babbar fitila, titin ya ɗauki walƙiya daga gidan mai har gada. Wallahi abin ya yi kyau. Yaya ta yi murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun kafin asibiti.

Muka yi sallama muka juya. Ina gaba, na kalli madubin gefe. Ba mu kai kwana ba layukan suka fara ɓacewa, ɗaya bayan ɗaya. Ita Yaya ƙugun ba ya barinta ta waiwaya.

Ta ce, "Auta, duba mini. Suna sanye da su?"

Na ce, "Suna sanye, Yaya."

Sai da muka hau gada ta ce, "Ƙarya kake yi. Yau saura kwana kaɗan wata ya ƙare. Ko ni ce, da tuni na ninke."